Kafin Ka Sa Jak a Ƙarƙashin Motar Nan

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka kun sauka Jos lafiya, sanyin garin bai riga ya sa ka kewar zafin Kano ba. Allah Ya tsare hanyarka, Ya tsare jikinka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aiki. Ummanka ce ta cusa takardar a jakarka, ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don ta san can hannunka zai fara zuwa.

Na san za ka yi mamaki. Uban da kuka zauna gida ɗaya bai iya ce maka komai ba sai "Allah Ya kiyaye hanya", yau shi ne ya cika takardu da rubutu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ga ni ina fafewa, kuma ba wanda ya jawo haka sai ni. Ranar da ka shigo da murna ka ce masu kafa wutar sola sun ɗauke ka aiki, za su ba ka akori-kura mai lantarki kana kai kaya ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna, Ummanka ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na tashi na fita. Ka ɗauka ban ji daɗi ba ne. Tsoro ne ya kama ni. Da na tambaye ka ko irin mai ɗaga kanta da sauke kanta ce, ka ce e, irinta ce. Hanyoyin da za ka bi duwatsu ne da ƙusoshi, wata rana dole taya ta yi faci a inda ba mai faci kusa. Kai kaɗai za ka durƙusa gefenta da jak, kuma na san halinka, don halina ne ka ɗauko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai ma in an fara nuna maka abu, kafin a gama ka ce ka gane.

Shekaruna a rumfar faci ta Gyadi-Gyadi sun fi shekarunka a duniya, amma ba zan rubuto maka gwanintata ba. Kurakuraina zan jero maka, don su suka fi koya mini aiki.

Bari in fara da wanda ya haifi sauran. Ina saurayi, ban daɗe da kafa rumfar ba, aka kira ni bayan kasuwar Tarauni, wata tsohuwar akori-kura mai ɗaukar tumatir ta yi faci. Damina ce, ƙasa ta sha ruwa. Na kafa jak a kan ƙasar haka nan, na jawo bulo daga wani gini na tokare gindin motar, ko waigin da zai hana su gangarawa ban sa wa sauran tayoyin ba. Ina cire tayar sai jak ya fara nutsewa, bulon ya yi ƙara ya ruguje, motar ta zauna da gefe guda. Na fizge hannuna, farce ɗaya kawai ta samu. Mutane suka ɗauki salati, wani dattijo ya ce, "Kai, yaron nan akwai zafin nama!" To ka ga inda na ɓata. Da a ce darasin da na ɗauka shi ne bulo ba abin dogaro ba ne, da na tsira. Sai na ɗauki yabon dattijon na sa a aljihu. Na bar wurin ina ganin na fi mota sauri, na kuma rayu da wannan tunanin har gemuna ya yi fari.

Don haka ka ji: ba ka fi mota sauri ba, ba wanda ya fi ta. In taya ta yi faci kada ka tsaya inda ta ga damar tsayawa. Ka lallaɓa a hankali zuwa wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, nesa da kwana da gangare, ko da tayar za ta lalace. Taya ana sayen wata. Ka riƙa yawo da katako mai kauri da faɗi wanda jak zai zauna a kai, da waigi na kirki. Ka sa motar a giyar tsayawa, ka ja birkin hannu, ka danne tayar da ke ɗaya kusurwar gaba da baya: in ta bayan dama za ka cire, ta gaban hagu za ka danne. Duk wanda ke cikin motar ya sauko, ko da mai gidanka ne, ko da ana ruwa. Ka sa alamar nan mai kusurwa uku a titi, in ka ga dama ka ƙara da ganye yadda direbobi suka saba. Bulo kuwa ka bar wa magina abinsu.

Yanzu sai maganar Baba Yohanna. Ba ka manta shi ba, mai walda da rumfarsa ke jikin tawa, mutumin wajen Kafanchan, wanda yake ɗora ka a wuya kana ƙarami ya kai ka sayen alawa, ka dawo ka ɓata masa riga. Abin da aka gaya maka kana makaranta a lokacin shi ne jak ya zame, mota ta danne masa hannu, tsautsayi ne. Ni na bari aka gaya maka haka. Ga yadda abin ya faru.

Wani saurayi injiniya daga unguwar Babban Giji ya kawo akori-kura mai lantarki, irin wadda a lokacin ko a hoto ban taɓa gani ba. Ƙusa ta shiga tayar baya ta dama. Ya tsayar da ita gaban rumfa, mutane suka taso daga teburin mai shayi suna kallo. Ni kuwa ka san da kunne nake sanin mota. In inji ya yi shiru, a wurina mota ta mutu, sai yadda na yi da ita. Na kasa kunne, ban ji komai ba. Na jawo jak. Sai yaron nan ya ce, cikin ladabi ƙwarai, "Baba, na ji an ce akwai wani wuri da ake latsawa a allonta kafin a ɗaga ta. Bari in nemo, ban taɓa yi ba."

Bencin rumfar cike yake da mutanen da suka saba ji ana kira na Sarkin Faci. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Ɗana, tun mahaifinka yana firamare nake ɗaga mota. Je ka zauna a inuwa, ka bar talabijin ɗin nan ta huta." Aka fashe da dariya. Yaron ya ji kunya, ya sunkuyar da kai, ya koma gefe. Wallahi Habibu, na ji daɗin dariyar nan a lokacin. Yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Motar nan ba ta mutuwa, barci take yi, kuma barcinta ba nauyi. Ba a kan ƙarfen sifirin take zaune ba kamar motocin da na sani. A kan jakunkunan iska take, kowace taya da tata, kuma tana auna kanta a kai a kai. In ta ji gefe ɗaya ya fi wani tsawo, sai ta sace iska a nan ta ƙara a can, har ta daidaita. A kan hanya wannan alheri ne. A kan jak kuwa, ita ba ta san kai ka ɗaga ta ba, gani take ta karkace, sai ta shiga gyara zamanta a kan ƙarfen da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Wurin da yaron ya so latsawa shi ne wanda ake gaya mata cewa za a canja taya, ta daina wannan gyare-gyaren. A irin wadda na koya a kanta daga baya, in an latsa sai ta miƙe sama ta tsaya cak, ta rubuta a allon cewa ta shirya. Taka wataƙila ta ɗan bambanta, shi ya sa nake roƙonka, kafin ka fita tafiyarka ta farko ka tare makanikin kamfaninku ka ce ya nuna maka. Ka latsa da yatsanka a gabansa, ka cire taya ka mayar a cikin harabar kamfanin, rana tsaka, ba abin da ya kore ka. In sun yi maka dariya sun ce ɗan mai faci bai iya cire taya ba, ka taya su dariyar. In wayar caji na jikinta, ka zare ta tukuna. Kuma ko ka latsa, kada ka sa jak sai ka ga ta gama motsi, ka karanta da idonka cewa ta amsa.

In wanda bai kai ka ba ya ce maka akwai abin da ka manta, ka tsaya ka ji, ko yaron mota ne, ko mai tallan gyaɗa. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda, amma ranar nan yaro yana tsaye a ƙasa ya hango abin da ni ban gani ba, na kuma kore shi.

Kuskuren bai tsaya nan ba. Na kwanta na leƙa ƙarƙashinta ina neman ƙarfen da na saba dogara jak a kai, sai na ga ciki shafe kamar faranti, ba wani ƙarfe a fili. Mai hankali a nan zai tashi ya ce bai gane ba. Ni kuwa na riga na yi cika baki, ba damar komawa. Na laluba da hannu na sami wani gefe da na ji da tauri, na ɗora guntun katako, na kafa jak ɗin da nake ɗaga ƙananan motoci da shi. Da na fara bugawa na ji nauyin ya wuce yadda na zata, jak yana kuka, katakon ya ɗan karkace. Na gani sarai. Na ce a raina taya ɗaya ce, yanzu-yanzu zan gama. Matokaran ƙarfe guda biyu na riƙe mota bayan an ɗaga ta suna nan jingine a bayan rumfa, Yohanna ne ma ya ƙera mini su da hannunsa, ban ɗauko ko ɗaya ba.

Wannan farantin da ke cikinta murfin batir ne, kuma batirin shi ya cika gindin motar tun daga gaba har baya. Shi ya sa ta fi akori-kurar fetur mai girmanta nauyi sosai, ko babu kaya a kanta. Ba a sa masa jak, ko gefensa ba a taɓawa. In ka lotsa shi ka kashe motar mutane, in kuma ka huda shi wuta ce da ruwan bokiti ba ya kashewa. Akwai wuraren da aka yi musamman don jak, kusa da kowace taya, da alama a jikinsu. Wasu suna da ɗan rami da ake cusa wani dunƙulen roba ko ƙarfe, jak ya zauna a ƙarƙashinsa. Ka nemo dunƙulen nan tun kana gari, ka tabbata yana cikin motar, kada ka bari wani ya are shi. Ka duba nauyin da aka rubuta a jikin jak ɗinka, in bai kai ba ka ce a canja maka, kada ka ji nauyin baki. In ka yi lodin batura da farantan sola masu nauyi, ka sauke abin da za ka iya saukewa. Ka sassauta notunan tayar tun tana ƙasa, kaɗan kawai, don kada ka zo kana jijjiga mota tana sama. Kana ɗagawa kana kallon jak, in ka ga ya karkace ko da kaɗan, ka sauke ka sake daga farko. Da ta tashi ka tura matokari a wurin da aka nuna maka. Jak aikinsa ɗagawa ne, riƙewa aikin matokari ne.

Na cire tayar, na yi facin, na hura mata iska, ina shirin mayarwa aka kira sallar la'asar. Ka san yadda muke da Yohanna tun kafin a haife ka. In aka kira salla duk layin nan sai ya watse, shi yake zama ya duba mana rumfuna. Ranar Lahadi kuma ni nake karɓar masa aiki har ya dawo daga coci. Ba gadi kawai yake yi ba. In ya ga na bar taya a rabi sai ya ƙarasa mini, in dawo in tarar da shi yana kaɗa ƙafa a benci, ya ce, "Isiyaku, ladan sallar nan rabi nawa ne." Ni kuma in ce ya je ya karɓa a wurin liman. Na san zai taɓa motar nan. Na san jak ɗin a karkace yake. Na wanke hannuna, na yi alwala, na wuce ta gabansa, ban ce masa komai ba, don in na ce kada ya taɓa dole in faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne ban yarda da aikina ba.

Mai motar, yaron nan injiniya, yana sahun baya, don haka ya riga ni fita. Mukullin na aljihunsa. Ya nufi motar don ya ɗauko wayarsa, ya buɗe ƙofa, motar ta farka. Ina bakin masallaci ina neman takalmina ina gaisawa da mutane, na ji wani huci kamar an kwance bakin taya, sai ƙarar ƙarfe a kan kwalta, sai muryar Yohanna. Ban taɓa jin ya yi irin wannan ƙara ba, shi da tartsatsin walda ke zuba a jikinsa yana waƙa. Na ruga da takalmi ɗaya. Ya riga ya ɗora tayar a bakin wurinta, hannunsa na dama yana samanta yana daidaitawa, motar ta sauko ta haɗa hannun da tayar. Muka taru muka ɗaga da ƙarfin jama'a da jak ɗin aro. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, hannun yana nan a jikinsa, amma yatsun ba su sake riƙe komai ba.

Kada ka taɓa barin mota a kan jak ka tafi, ko salla ce. Ko ka ƙarasa, ko ka sauke ta ƙasa. Lokacin salla yana da faɗi, Allah bai ce ka bar tarko a bayanka ba. In dole ne ka matsa, ka faɗa wa na kusa da bakinka cewa kada a taɓa, kada a buɗe ƙofa, kada a jingina. Mukulli ya zauna a wurinka, ba a aljihun wani ba. In za ka mayar da taya ka riƙe ta gefe da gefe, kada hannunka ya hau samanta ko ya shiga ƙarƙashinta. Tayar irin motar nan da nauyi, ka sa ƙarfe a ƙasanta ka ɗan tallafo ta. Kuma ka ga zaman nan da muke yi mu masu faci, mu zauna a ƙasa mu miƙe ƙafafu ƙarƙashin mota muna tallafo taya da su? Ka sha ganin ina yi, na san ya burge ka. Kada ka yi. Ka durƙusa a gefe, yadda in ta motsa ba abin da za ta samu naka. Ka ɗaura notunan da hannu tukuna, ka sauke motar, sannan ka matse su kana tsallakawa, wannan sai na gabansa, ba bi da bi ba. Kada ka hau kan sifana da ƙafa kana tsalle kamar yadda ake yi a layinmu, akwai ma'aunin matsewa, ka nemi a ba ka. Sai ka kwashe jak da matokari da waigi, ka tabbata ba kowa kusa, sannan ka koma allon ka sake ta. In ka yi 'yar tafiya ka tsaya ka sake duba notunan.

Duk wannan da nake zayyano maka kamar malami, a wurin yaron nan na koya. Bayan abin ya lafa ya dawo rumfata, idonsa ya faɗa, yana cewa shi ya buɗe ƙofa, shi ya jawo. Ka ga inda ya kamata in ce masa a'a, ni ne. Ban ce ba. Na ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri. Shi ya nace sai mun koyi abin tare, ya buɗe littafin motar yana karantawa yana fassara mini, muka ɗaga ta muka sauke har hannuna ya saba. Wurin latsawar nan da na hana shi nema, ko tsawon shan kofin shayi bai ɗauke shi ba ya same shi. Na tsaya ina kallon allon, na rasa inda zan sa kaina.

A layin kuwa magana ta bazu cewa motar aljanu ce, tana motsi ba direba. Wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi shiru na bar su, don duk wanda ya zagi motar ya sauke mini kaya. Asibiti nakan je, amma cikin ayari, in tsaya a baya, in ce "Allah Ya sawwaƙe" tare da kowa in fito. Da ya warke ya sayar da injin waldarsa ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Ranar da suka yi lodi na taya su ɗaure kaya, na yi ta ba da umarni a kan igiya don kada mu haɗa ido.

Kai ma ka sha naka rabon. Ka tuna da ka dawo hutu ka zo rumfa ka ɗauki sifana, na daka maka tsawa a gaban mutane, na ce kada in sake ganin ƙafarka a wurin? Ka tafi gida ka ƙi cin abinci, ka ce wa Ummanka na raina ka. Ban raina ka ba. Hannunka na gani kusa da taya, na tuna hannun Yohanna. Na ɗauka in na nisanta ka da jak na tsare ka. Ga shi yanzu Allah Ya kai ka inda za ka riƙe shi kai kaɗai a daji, kuma uban da ya kamata ya koya maka ya ɓata shekarun yana korarka. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma ina neman ka yafe mini.

Bara, bayan an cire citta, na ce wa Ummanka zan je Kaduna sayen kayan faci. Garin su Yohanna na tafi. Na same shi a tsakar gida zaune kan kujera, jikokinsa suna shanya citta a kan buhuna yana nuna musu da baki. Ya rame, amma muryar tana nan. Yana ganina ya miƙe yana kiran matarsa, "Fito ki ga Sarkin Faci ya ɓata hanya!" Na miƙa masa hannu yadda muka saba. Ya ɗan motsa kafaɗar dama, hannun bai taso ba, sai ya miƙo na hagu, ya ce, "Yi haƙuri da hagu, Isiyaku."

Habibu, shi yake ba ni haƙuri. Na riƙe hannun nan na hagu da hannuwana biyu, na durƙusa a gaban jikokinsa ina kuka kamar yaro. Na gaya masa komai, jak ɗin da ya karkace, matokaran da ban ɗauko ba, wucewar da na yi ta gabansa bakina a rufe. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Maganar yaron ai na ji ta, ina kan bencin. Ni ma na yi dariya. Amma karkacewar jak ɗin, wannan ban sani ba sai yau." Ya juya yana kallon cittar. Ban san abin da ya wuce a zuciyarsa ba, ban kuma tambaya ba. Sannan ya ce, "Da ka faɗa mini, da ban taɓa ba." Ya faɗe ta a hankali, ba faɗa, ya kira a kawo mini ruwa. Na kwana a gidansa, matarsa ta kama mini kaza ta ce in yanka da hannuna don in ci da natsuwa. Da safe ya rako ni bakin titi, ya tambaye ni kai, ya ce in gaishe ka. Ya ce ya yafe. Na yarda ya yafe, amma na ga yadda jikarsa take ɓalla masa maɓallin riga kafin mu fito, kuma yafiya ba ta ɓalla maɓalli.

Aikinku zai riƙa bi da kai ta wajensu. Ka tsaya ka gaishe shi, ba sai ka kai masa komai ba, shi mutum ne mai son a zauna a yi hira. In ya miƙo maka hagu ka karɓa da hannu biyu, ka dube shi da kyau, ka tuna cewa mutumin kirki ne ƙwararre a aikinsa, bai yi gaggawa ba, bai yi wauta ba, taimako kawai ya zo yi.

Ummanka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi ko ba ka ji sanyin ba. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya tsare ka daga girman kai irin na ubanka, Ya sa ka fi ni jin magana. Ba na roƙon ka dawo mini da mota ko kuɗi ko suna. In hutunku ya zo, ka shigo unguwarmu Darmanawa da ƙafafunka, ka yi sallama a ƙofar gida, in fito ka miƙo mini hannunka na dama in riƙe. Allah Ya nuna mini wannan ranar, amin.

Mahaifinka,
Isiyaku mai faci